Yadda Na Je Jamaika Ɗauko Goron Suna

Tun ranar sunan jikana ban huta da tambaya ba. A masallaci a tare ni, a wurin aiki a tare ni, har a bakin titin Gate City Boulevard na nan Greensboro, Amurka, wani ya sauke gilashin mota yana ɗaga murya, “Malam Haladu, wai yaya Jamaikar nan take?” Na gaji da ba da labari gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa gutsiren ya je ya ƙara masa gishiri. Don haka na zauna na rubuta shi a jere. Mai karatu ya bi shi yadda na tsara, kada ya tsallaka. Alhaji Ɗanjuma musamman.

Zan fara da dalilin tafiyar, domin ni ba ɗan yawon buɗe ido ba ne.

Bara an yi suna a gidan Alhaji Ɗanjuma, wanda ɗansa ke auren ’yata Hafsatu. Jikansa ne na wajen wata ’yarsa. Aka fito da goro a faranti, na ɗauki ɗaya na ɓare. Ni a Sabon Shagamu na girma, mahaifina fataken goro ne, tun ban iya karatu ba na iya bambanta marsa da ƙananan goro. Abin da na gutsira ranar ya yi yaushi, ya yi jiƙon sanyin firji, ba ƙara ba garɗi. Sai bakina ya riga hankalina, na ce, “Wannan ai katako ne.”

Alhaji yana bayana ashe. Ya dafa kafaɗata ya ce, “To Malam, mu iyakar abin da muka samu a kanti ke nan. Ranar da Hafsatu ta haihu sai ka nuna mana goro.”

Na ce, “Na ɗauki nauyin goron sunan. Kuma ba daga firjin kanti zai fito ba.”

Gaban maza kusan talatin na faɗi haka. Wata bai cika uku ba aka ce Hafsatu na da ciki.

Na bincika wanda zai zo daga gida ya riƙo mini, ban samu wanda lokacinsa ya dace ba. Matata, Maman Hafsa, ta ce, “Malam, ka bar maganar nan, kowa ya manta.” Na ce ni ban manta ba, kuma Alhaji ba ya mantuwa sai in bashi ake binsa. Ita kuwa Hafsatu da Turanci ta amsa, wai ita ba ta ga abin wahala ba, a raba wa mutane cakulan.

Ana cikin haka, wata rana a ma’ajiyar kujeru da gadaje inda nake aiki, abokin aikina Delroy, mutumin Jamaika, ya gan ni ina tauna ɗan gutsiren goro lokacin hutu. Ya karɓa ya duba ya ce, “Bisi ke nan! A bayan ɗakin mahaifiyata akwai itacensa, zubewa yake yi a ƙasa.” Na ce kada ya yi mini wasa. Ya kira tsohuwar a waya ta nuna mana itacen. Goro ne, ba shakka. Delroy zai je duba ta na mako ɗaya lokacin da sanyi ya fara shigowa, wato daf da watan haihuwar Hafsatu. Na ce da ni.

Mun tafi Charlotte a mota muka hau jirgi. Ba wani abin faɗi a jirgin, sai dai rabin mutanen ciki sun sa gajeren wando tun daga nan, cikin sanyi, don ɗokin rana. Ni da na gudo daga rana shekara ashirin da suka wuce na zauna ina kallonsu.

A Montego Bay muka sauka. Delroy ya riga ya gargaɗe ni cewa in jami’in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni, in ce hutu. Na ce ba hutu na zo ba, ba kuwa zan fara shiga ƙasar mutane da ƙarya ba. Wata mata ce a teburin. Ta tambaya, na ce na zo ɗaukar bisi. Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce, “Cikinka ke ciwo?” Na ce lafiyata lau. Ta kira abokiyar aikinta ta maimaita mata, suka yi dariya tare, sannan ta buga mini hatimi. Ban fahimci dariyar ba sai da muka isa gidan su Delroy.

Delroy ya ɗauki motar haya. Na buɗe ƙofar da na saba zama, sai ga sitiyari a gabana. A hagu suke tuƙi. Wannan ban ce laifi ba ne, kowace ƙasa da tsarinta. Laifin shi ne daga inda aka bar bakin teku aka fara hawan duwatsun Trelawny, hanya ta zama faɗin mota ɗaya da rabi, kwana a bayan kwana, rami a gefe, kuma babu mai rage gudu. Ƙa’idarsu ita ce ka danna ham kafin kwana, shi ke nan ka sauke nauyi. Duk addu’ar tafiya da na sani na karanta, na koma na sake daga farko. Delroy kuwa hannu ɗaya ne a sitiyari, ɗayan yana nuna mini gonaki: ga rake, ga ayaba, ga citta, ga wani itace mai ’ya’ya kamar masoro da suke busarwa su kai Turai. Na ce ya nuna mini in mun sauka.

Mahaifiyarsa, Mis Mebul, ta haura tamanin, ’yar gajeriya, mai zuwa coci sau uku a mako. Ta tsaya a baranda ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi, ta ce, “Kai ne ɗan Afirkan?” Daga ranar sunana ya zama Mista Afirka. Turancinsu ba Turanci ba ne, in ta yi magana sai Delroy ya juya mini. Amma zan faɗi gaskiya a kanta: da ta ji ba na cin alade, sabuwar tukunya ta sa aka sayo, ta ɗaura mata jan zare a hannu don kada a haɗa. Ɗakin da ta ba ni tsaf, ruwan wanka daga tankin ruwan sama, mai sanyi kamar an hukunta mutum.

Ta ce a ci abinci. Na ce a fara nuna mini itacen.

Muka zagaya baya. Itatuwa biyu ne manya, sun yi nauyi da kwanso. Amma ba su na fara gani ba. Kwanon rufi na gani shimfiɗe a ƙasa cikin tsakiyar rana, a kansa goro ne an ɓare, an baza, ya bushe ya yi baƙi ƙirin, kaji na yawo a kai. Na tsaya kamar wanda aka kawo wa labarin rasuwa. Mahaifina ya yi shekara arba’in yana yaƙi da rana da iska don kada su taɓa goro, ga mutane nan sun miƙa musu shi da hannunsu.

Na ce, “Delroy, tambaye ta wa ya yi wannan ɓarnar.”

Ta ce ita ce, kuma ba ɓarna ba ce. In ya bushe sai a goge shi a magogi ya zama gari, a dafa a sha da sukari. Maganin ciwon ciki ne, da na wanda ya ci abin da ya ɓata masa ciki, da na wanda ya kwana yana shan giya. Ta ƙara da cewa, “In kare ya ci guba ma shi muke ɗura masa.”

Jama’a, ku ji da kyau. Abin da muke kai wa neman aure, abin da muke ajiyewa gaban malamai da sarakuna, a can na kare ne in ya ci guba. Na tsinko ɗanye, na ɓare, na wanke, na miƙa mata ɓari cikin ladabi da hannu biyu. Ta tauna sau biyu ta tofar a gindin ayaba. Ta ce, “Wannan kuke ci ranar murna? To ranar baƙin ciki me kuke ci?”



Yanzu maganar abinci, tunda ita aka fi tambayata.

Da safe ba koko ba ƙosai. Ɗanyar ayaba ce dafaffiya, da doya, da wani curin fulawa mai tauri wanda in ka jefi mutum da shi sai an je asibiti. A kai ake zuba abin da suke alfahari da shi fiye da komai, wato aki da kifin gishiri. Akin nan ɗan itace ne da na sani tun a ƙasar Yarbawa, mu yara ko kallonsa ba ma yi. In ya dahu kamar soyayyen ƙwai yake. Mis Mebul ta ce in aka tsinke shi kafin ya buɗe baki da kansa, kisa yake yi. Ta faɗi haka ne bayan na ci rabin faranti. Kifin kuwa, na ɗauka daga tekun da ya kewaye su ne. A’a. Daga ƙasashen ƙanƙara ake kawo shi, busasshe, cike da gishiri, sai an jiƙa shi kafin ya ciwu. Mutane suna zaune tsakiyar ruwa suna jiran jirgi ya kawo musu kifi. Na yi niyyar yin magana, sai na tuna mu ma da man fetur, na yi shiru.

Duk abin da aka sha da zafi shayi ne a wurinsu, ko na’ana’a ce, ko citta, ko koko, har romon kifi. Kofin da ake yabonsu da shi a duniya ban gan shi a gidan ba. Delroy ya ce wancan na fitarwa waje ne.

Da rana shinkafa da wake, amma da ruwan kwakwa ake dafawa, ba mai ba yaji. Akwai alayyafo, akwai waina ta rogo da suke jiƙawa su soya, akwai wani ƙaton ɗan itace da ake gasawa a wuta har ya yi baƙi, a fere, cikinsa kamar burodi. Wannan na yaba. Attaruhunsu ma na yaba, ya fi namu rashin mutunci. Ran na uku aka sayo akuya, na ce ni zan yanka. Maƙwabta suka taru suna kallon yadda na fuskantar da ita gabas. Kai da ƙafafu da kayan ciki aka yi romo da su, suna ta ƙyafta mini ido wai romon maza ne. Na ce mu a wurinmu sunansa farfesu, kuma mata ma suna sha.

Inda aka kusa samun matsala shi ne zoɓo. Lokacinsa ne, kowane gida an dafa. Mis Mebul ta kawo mini kofi ja wur da citta, na yi murna na ga ɗan gida. Na kai baki sai hancina ya tsayar da ni. Na ce, “Delroy, me ke cikin nan?”

Ya tambaye ta. Ta ce ba komai, marfin kwalba ɗaya ne kawai na giyar rake, don kada ya lalace.

Na ce ba na sha. Ta ce ai ba giya ba ce, zoɓo ne. Na ce akwai giya a ciki. Ta ce ko fastonsu yana sha. Na ce Allah ya ba faston lafiya. Washegari ta dafa mini nawa dabam a tukunya mai jan zare, tana gunaguni wai zoɓon marasa lafiya.

Ran na huɗu maƙwabcinta Mas Josef ya kai ni gonar doyarsa. A nan na ji kamar ina Nasarawa. Kunya-kunya a jikin tudu, kowace da sandarta da ganye ya nannaɗe, jaki da kwanduna biyu yana saukowa da kaya. Doyarsu rawaya ce a ciki. Miƙaƙƙu masu kyau ake warewa, a wanke su tas, a jera a kwali a kai Amurka da Ingila. Karkatattu da waɗanda fartanya ta sara su ne na gida. Na gane kwalin ma, irinsa nake gani a kantunan Greensboro. Na tambaye shi turmi, ya ce na me? Na kwatanta masa sakwara. Ya ce doya ta riga ta dahu, me ta yi kuma za a dake ta? Mutanen da ke noma doya kamar wannan, ba turmi ko ɗaya a ƙauyen.

Da ya ji abin da ya kawo ni, Mas Josef ya ce, “Ka yi hankali. Mu duk abin da za mu tura can, ba ƙasa a jiki, ba ganye, ba ƙwaro, kuma sai an duba an ba da takarda.” Na gode masa, na ce wannan dokar doya ce, ni goro zan ɗauka, kuma ba sayarwa zan yi ba. Na rubuta wannan ne don a san an faɗa mini.

Aikin goron kuwa tun ran na biyu na fara shi, kuma na yi shi bisa ƙa’ida. Na farko, na sa gora na kakkaɓo kwanson da suka nuna. Na biyu, na fasa na jiƙa ’ya’yan har farar fatar ta yi laushi, na murje, na wanke. Na uku, zaɓe. A nan na sha wahala, don da yawa hannunruwa ne mai ɓari uku ko huɗu, wanda ba zan ajiye gaban Alhaji ba. Na ware masu ɓari biyu, a cikinsu na ware manya, na duba kowane ɗaya ko da alamar sankara. Ƙwarya uku na samu, ja da fari. Na gutsiri ɗaya, ya yi ƙara a baki, ɗaci ya zo, zaƙi ya biyo baya. Rabona da irinsa tun ina saurayi.

Na huɗu, ɗauri. Babu ganyen da muke naɗe huhu da shi a gida, sai na yanko ganyen ayaba ɗanye shar, na shimfiɗa a kwandon da na saya wurin wata mata, na jera goron, na yayyafa ruwa, na rufe da wani ganyen, na ɗaure. Safe da yamma ina kwancewa in sake yayyafi. Mis Mebul tana zaune a kujerarta tana kallo, ta ce wa Delroy, “Ɗan Afirkan nan yana yi wa bisi wanka kamar jariri.” Sau biyu ta ce in kawo ta shanya mini. Sau biyu na ce na gode.

Ran na biyar da hantsi Maman Hafsa ta kira: Hafsatu ta sauka lafiya, namiji. Na yi hamdala. Daga nan na yi abin da ya fi komai wauta a tafiyar. Na buɗe kwandon, na ɗauki hoto, na tura zaurenmu na waya inda duk mazan unguwa suke, na rubuta a ƙasa, “Goron suna yana hanya.” Alhaji ne ya fara amsawa. Ya ce, “Muna jira, Malam.”

Ranar komawa Mis Mebul ta riƙe hannuna ta yi mini addu’a irin tasu, doguwa. Na ce amin a inda ya dace.

Da muka sauka a Amurka, aka tambaya ko akwai mai ɗauke da kayan gona. Delroy ya taka mini ƙafa. Na ce akwai. Aka kai ni wani ɗaki gefe, wurin wani jami’i mai safar hannu, mutum mai ladabi, ba zan yi masa ƙazafi ba. Ya kwance igiyar, ya ɗaga ganyen farko, ya tsaya.

“Wannan ganyen mene ne?”

“Na ayaba.”

“Ɗanye?”

“Dole ɗanye. Busasshe ba ya riƙe laima.”

“Me ya sa yake jiƙe?”

“Ni na jiƙa shi, yau da safe.”

Ya dube ni kamar yadda likita ke duban wanda ya yi wa kansa aiki a gida. Ya ɗauki goro ɗaya ya ce, in aka binne wannan zai tsiro? Na ce ƙwarai kuwa, lafiyayye ne. Na faɗi haka da alfahari. Ya ɗauko ’yar wuƙa ya fara ɓarewa ɗaya bayan ɗaya. Na farko lafiya, na biyu lafiya. A na bakwai sai ga ’yar farar tsutsa ta ɗago kai. Ni ɗan fataken goro, na duba ƙwarya uku da idona a cikin rana, ta wuce ni, ta zo ta gaida Bature.

Na yi masa bayanin suna. Na yi masa bayanin alkawari. Na ce ya cire ganyen, ya cire na bakwai ɗin, ya bar mini sauran. Ya saurare ni har na gama, ya taya ni murnar jika, ya ce da busasshe ne da wataƙila an duba an bar ni da shi. Sannan ya ɗaga kwandon ya juye shi cikin wata babbar jakar shara, ya ɗaure bakinta. Ya kakkaɓe kwandon, ya duba shi ciki da waje, ya miƙo mini. Ya ce na kyauta da na faɗi gaskiya.

Daga Charlotte muka kama hanyar gida. Mun wuce rabin hanya sai Delroy ya ce, “Da ka bari Mama ta shanya.” Daga nan dariya ta kama shi har sai da ya tsaya a gefen titi. Na jira ya gama, na sa ya yi mini alkawari ba zai faɗa wa kowa ba. Ya cika, Allah ya saka masa.

Saura kwana huɗu suna. Na kwana biyu ina juya abin. Maman Hafsa ta ce in fito in faɗi gaskiya, ai ba sata na yi ba. Na ce zan duba. Ran na uku da hantsi, lokacin da na san kowa yana wurin aiki, na ɗauki mota na tafi kantin Hajiya Memuna, mutuniyar Kumasi, na faka a baya wajen kwalaye. Duk garin nan ita kaɗai ke kawo goro. Wanda na zaga a gidan Alhaji ma nata ne, kuma magana ta riga ta je mata tun bara.

Na yi sallama, na gaishe ta, na tambayi yara, na tambayi kasuwa. Ta bar ni na gama kewaye-kewayena. Na ce, “Hajiya, goro nake so. Ƙwarya uku.”

Ta ce, “Ei, Malam Haladu paa! Ni ba na sayar da goro. Katako nake sayarwa.”

Na ce, “Hajiya, a yi haƙuri.”

“Wanda ka turo hotonsa fa? Maigidana ya nuna mini. Jirgi ya cinye?”

Na ba ta labari a taƙaice. Ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gari. Da ta share hawaye ta ce, “To katako nawa ka ce? Na kujera ko na gado?” Na tsaya na shanye. Ta fito da shi, na zauna a bayan kanti na zaɓa. A gida na wanke, na naɗe a jiƙaƙƙen tawul ya kwana, ya ɗan farfaɗo. Da safe na jera shi a kwandon Jamaika.

An yi suna a gidan su Hafsatu a Glenwood, falo ya cika har baranda. Liman ya raɗa suna, aka yi addu’a. Na ajiye kwandon a tsakiya ban ce komai ba. Wannan nake so a riƙe: ban ce na Jamaika ne ba. Amma ban ce ba shi ba ne, kuma na san abin da shiruna ke faɗi.

Malam Sale direban babbar mota ya fara ɗauka. Ya tauna ya gyaɗa kai ya ce, “Kai! Ƙasar dutse dabam ce. Ka ji ɗacin bai tsaya a maƙogwaro ba.” Wani ya ce tun da ya zo Amurka bai ci goro ba sai yau. Wani ya zuba biyar a aljihu wai zai kai wa surukinsa a Raleigh. Sannan aka miƙa wa Alhaji Ɗanjuma. Ya zaɓi fari, ya juya shi a hannu, ya ɓare, ya gutsira, ya rufe ido. Ya daɗe kafin ya buɗe, ya ce, “Malam, na sallama. Wallahi har iskar teku ana ji a cikinsa.”

Aka yi ta shi mini albarka. Na karɓa. Wannan shi ne laifina na biyu, kuma ya fi na farko, wato shirun da na yi.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila da na mutu da shi a ciki. Bai tsaya ba. Makon jiya na shiga kantin Hajiya Memuna na ga ta raba goronta gida biyu, ta manna wa ɗaya takarda, “Irin na Jamaika,” kuma shi mutane ke rububi, Malam Sale a gaba. Ta ƙyafta mini ido ta ce ko ina son la’ada. Shekaranjiya kuma bayan sallar Juma’a Alhaji ya ja ni gefe ya ce bikin autarsa na tafe, ya riga ya nemi hutu a wurin aiki, in tambayi Delroy ko tsohuwar za ta sauke mutum biyu. Ya ce ranar Litinin zai yanki tikiti, nasa da nawa.

Don haka ga abin da zan faɗa, a jere. Hajiya Memuna ta cire takardar nan. Malam Sale ya daina maganar ƙasar dutse. Maganar katako da na yi bara na janye ta gaban waɗanda na faɗe ta a gabansu, domin goron da na zaga da goron da kuka yaba ɗaki ɗaya suka kwana.

Kai kuma Alhaji, kada ka yanki tikitin. Goron da ka rufe wa ido daga firjin Hajiya ya fito, daga shiryayye na ƙasa, kusa da kwalin bandar kifi. Iskar tekun da ka ji, ita ce wannan.